Ihun da Suka Yi wa Dariya

Shafi na 27

Na ga saƙonninku jama'a. Masu cewa na cika jan rai ku yi haƙuri, wannan shafin sau uku ina rubutawa ina gogewa. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙarfi yau, ta ajiye shi sai ta samu natsuwa.

*

Sau goma sha ɗaya ke nan tana mayar da wannan fitowar ta fim ɗin baya a allo.

Anti Almakashi kowa ke ce mata a kamfanin, don ita ce mai tace fim, ita ke yankawa ta haɗa, kuma in fitowa ba ta yi mata ba ko ta wane ce sai ta zubar. Shekara bakwai tana zaune a wannan ɗan ɗakin mara taga, allo biyu a gabanta, tana gyara finafinan mijinta.

Fitowa ta arba'in da ɗaya.

Kicin ne. 'Yar aiki na wanke-wanke, matar gida ta fita unguwa. Maigida ya lallaɓo da sanɗa, ya murɗa makulli, ya jefa shi cikin hularsa ya mayar ka. Wanda ya fito a maigidan Tsinke ne, ɗan barkwancin da ko tari ya yi sai an yi dariya. Kuma yayan mijinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yarinyar ta ja baya har ta manne da bango. Ta ƙwalla ihu.

Sai Tsinke ya ajiye siririyar muryar nan tasa ta hanci da duniya ta san shi da ita. Ya yi ƙasa da murya, ya ce:

"Yi ihu, 'yan mata, yi ihu. Ni dama ba na cin abinci sai da kiɗa."

Daga nan kyamara ta koma kan rufaffiyar ƙofa.

A bayanta Mai Sauti ya riƙe ciki, shi da masu haske biyu da suka leƙo.

"Wayyo cikina! Anti don Allah ƙara mayarwa. Kai, Tsinke bala'i ne. Nan wajen ƙofar zan sa ƙarar tukwane na zubewa, in ɗora 'yar sarewa, wallahi sai an kwashi mutane a ƙasa."

Ba ta juyo ba.

"Ku fita."

"Na'am?"

"Ku fita, ku kira mini Darakta."

Suka dubi juna. Ba su taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Mai Sauti ya haɗiye sauran dariyarsa, ya ja musu ƙofar.

Darakta, mijinta, ya shigo da kofin shayi a hannu, waya maƙale a kafaɗa. Ya sallami wanda yake magana da shi, ya yi mata murmushi.

"An ce ana nemana a kotu. Me na yi?"

"Rufe ƙofar."

Ya rufe.

"Wannan fitowar ba za ta shiga ba."

Ya leƙa allon, ya yi dariya.

"Arba'in da ɗaya? Haba Almakashi. Ita ce fim ɗin gaba ɗaya. Da ita za mu yi talla. Kin ga yadda yara suka yi a wajen ɗaukar fim ɗin kuwa? Mai kyamara sai da ya zauna a ƙasa."

"Me aka yi wa yarinyar a bayan ƙofar nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Wasa ne."

"Na ji wasa ne. A cikin wasan, me aka yi mata?"

Ya kurɓi shayi.

"Ai kin gane."

"Ban gane ba. Faɗa mini sunansa."

Ya kawar da kai.

"Ka kasa ko? Bakinka ya yi nauyi. To fyaɗe sunansa. Abin da ka kasa furtawa a gaban matarka, shi za ka sa wa sarewa."

"Ba a nuna komai ba fa. Ko gyalenta bai faɗi ba. Ƙofa kawai aka nuna."

"Ƙofa kawai, da kiɗa, da tukwane. Ka koya wa mutane daidai inda za su yi dariya."

"Mutane sun gaji, Almakashi. Suna so su manta da damuwa na awa biyu. Ba wa'azi muka buɗe ba."

"Mutum ɗari uku a ɗakin kallo. Ka taɓa tunanin mata nawa ne a ciki irina? Tana zaune kusa da mijinta, ko ƙaninta, ko ɗanta, yana buga cinya yana dariya. Ita ma dole ta yaƙe haƙora, don kar a tambaye ta me ya same ta."

Ya ajiye kofin a hankali. Sai yanzu ya ga idonta.

Ya san labarin. Tun kafin aure ta gaya masa, a tsaye, a taƙaice, idonta a ƙasa: shekara biyu kafin su fara magana, lokacin tana mai kula da kayan sawa a wata ƙungiyar wasa, wani ya yi mata ƙarfi. An lulluɓe mata kai, ba ta ga fuskarsa ba. Ta ce in zai fasa ya fasa. Ya ce ba ya fasawa. Daga ranar ba su ƙara tayar da maganar ba.

"Subhanallahi," ya ce. "Ki yafe mini. Wallahi hankalina bai kai nan ba. Bari in ba wani ya tace wannan ɓangaren, ke ki je gida ki huta."

"Wani ya tace."

"Eh, don kar ki..."

"Wato fitowar tana nan, ni ce zan fita."

"Ba haka nake nufi ba."

Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Baban yara, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. A ina ka samo maganar?"

"Wace magana?"

"Ta kiɗa."

Ta cije leɓe.

"Tun ɗazu nake bincikar kaina. Ko na taɓa faɗa cikin barci? Ko lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni bayan haihuwar Auta? Don ni dai na san da hankalina ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko mahaifiyata ta rasu ba ta ji ba. Ka ji ni ina sambatu, ka tashi ka rubuta, ka ce wannan za ta yi daɗi a fim?"

"Me kike cewa ne?"

"Abin da mutumin ya faɗa mini ke nan a kunne. Kalma da kalma. Ba ƙari, ba ragi."

Kofin ya kusa kifewa da ya dafa teburin.

"Wallahi tallahi ban rubuta ba."

"Kai ka rubuta fim ɗin."

"Na rubuta fim ɗin, ban rubuta wannan ba!"

Ya jawo takardun labarin daga kan tebur, ya buɗa, ya tura mata shafin.

"Karanta. Karanta da kanki."

Ta karanta. Layi uku ne kacal. Maigida ya shigo kicin yana neman ragowar abinci a ɓoye. 'Yar aiki ta kama shi. Ya roƙe ta kar ta gaya wa matarsa.

Babu makulli. Babu ihu.

Kafin ta ɗago aka ƙwanƙwasa a hankali, kamar mai tsoron ƙofar.

Baƙuwa ce, yarinyar da ta fito a 'yar aikin. Wannan ne fim ɗinta na farko, shi ya sa sunan ya bi ta. Ta gama karatu bara, ta zo gwaji da takalmi ɗaya da buri mai yawa. Da ta ga Darakta sai ta ja baya.

"Ku yi haƙuri, na ɗauka Anti ce kaɗai. Zan dawo."

"Shigo ƙanwata," in ji Almakashi. "Me ya kawo ki?"

Ta shigo tana murza bakin gyale. Idonta ya sauka kan allon, inda fuskarta ke tsaye, baki buɗe. Ta kawar da kai da sauri.

"Kwana uku ina zuwa ina komawa daga bakin ƙofa. Anti, dama roƙonki zan yi. In da hali a rage wannan wajen. Ko kaɗan ne."

"Don me?"

"Babana zai kalla."

"Shi ke nan dalilin?"

Yarinyar ta dubi Darakta, ta dubi ƙasa.

"Faɗi. Ba mai korar ki."

"Anti, ba wasa nake yi ba a wajen."

Yarinyar ta ci gaba, idonta a ƙasa.

"Ni abin da aka ba ni na haddace, zan kama shi da tukunya a hannu. Da aka ce a fara sai na ga ya kulle ƙofa. Ban san da shi ba. Ya riƙe mini hannu nan, ya murɗe. Na ce a tsaya. Sau biyu na ce a tsaya. Kowa na ta dariya, an ɗauka cikin wasan ne."

Ta ja hannun rigarta sama kaɗan. Sati biyu ke nan, amma shatin yatsu bai gama ɓacewa ba.

"Da aka gama kowa ya yi ta tafi, ana cewa na iya kuka kamar gaske. Shi kuma ya ce in saba, haka ake zama jaruma. Ni ma sai na yi dariya. Ban san me zan yi ba."

Almakashi ta juya ga allon. Ta mayar baya kaɗan, ta ƙara sauti. Ƙarƙashin dariyar ma'aikata, can ƙasa, ga shi nan.

"A tsaya. Don Allah a tsaya."

Sau goma sha ɗaya ta kalla, ita ma ba ta ji ba. Kunnenta na kan wata muryar.

Ta miƙe ta riƙe fuskar yarinyar da hannu biyu.

"Ba ki yi laifin komai ba. Kin ji ni? Ko dariyar da kika yi ba laifi ba ce. Je ki zauna a ofishina, ki kulle ta ciki, kar ki buɗe wa kowa sai ni."

Baƙuwa ta fita tana share ido.

Almakashi ta tsaya ta ba mijinta baya.

"Wa ya kawo maganar makulli?"

"Yaya ne. Kin san shi, ba ya bin takarda. Ya ce in bar shi ya yi nasa."

"Maganar kiɗan fa?"

"Daga bakinsa ta fito. A take."

Ta rufe ido.

Maza sun fi talatin a waccan ƙungiyar, har da Tsinke. Ta yi shekaru tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya a ranta, tana zargi tana istigfari. Direba. Mai kyamara. Mai gadi. Ba ta taɓa tsayawa a kan Tsinke ba. Wa zai tsaya a kan Tsinke? Mutumin da ko gaisuwa da muryar hanci yake yi, har a gida, har a gaban mahaifiyarsu. Ba ta taɓa jin ainihin muryarsa ba sai yau.

A'a. Sau biyu ke nan.

Shekara bakwai tana durƙusa masa. Ta zuba masa abinci da hannunta. Ya ɗauki 'ya'yanta ya cilla sama suna ƙyalƙyatawa. Ranar da ta haifi na fari shi ya fara zuwa asibiti, ya sa ma'aikatan jinya dariya har aka kore shi.

Ta dafe bango.

"Shi ne," ta ce.

"Almakashi..."

"Shi ne."

"Ki tsaya. Ki zauna tukuna. Magana ce fa kawai, kowa na iya faɗinta. Maza na irin wannan shashancin a majalisa, wani ya ji a bakin wani."

"Muryar fa? A bakin wa ya aro ta?"

"Shekara tara, ta yaya za ki riƙe murya?"

"Kai ka manta da muryar mahaifinka?"

Ya share gumi da bayan hannu.

"Ki saurare ni. Zan cire fitowar. Yanzu, a gabanki, in goge ta har asalinta. Zan ba yarinyar haƙuri. Amma wannan zargin kar ya fita daga ɗakin nan. Hajiya na fama da hawan jini, kin sani. Yaya na da 'ya'ya mata sun isa aure. Namu yaran fa, sunan wa suke ɗauke da shi? Abin da ya faru a sito ya riga ya faru, tono shi ba zai..."

Ya tsaya.

Ta juyo a hankali.

"A ina?"

Ya dubi ƙofa.

"A ina ka ce?"

"Ke kika gaya mini."

"Ban gaya maka ba. Na ce maka a wajen aiki. Na tuna kowace kalma da na faɗa ranar, don kwana bakwai na yi ina shirya su. Ban ce sito ba."

"Wataƙila daga baya..."

"Ba mu ƙara maganar ba. Kai ka ce kar mu ƙara."

Ya zauna a kujerar Mai Sauti, ya sa kai cikin tafukansa.

"Baban yara. Ɗago ka dube ni."

Bai ɗago ba. Daga cikin tafukan maganar ta fito.

"Ina wajen ranar."

"Ka ce a lokacin kana makaranta."

"Hutu muka yi, na biyo shi ina riƙe musu wayar lantarki. Kwana biyu kawai na yi, ba ki lura da ni ba. Ana ruwa da rana, kowa ya fake. Aka aike ni ɗauko fitila. Na gan shi ya fito daga siton yana gyara hula. Ya ce mini kar in shiga, ana canza kaya. Na koma."

"Ka koma."

"Ban sani ba a lokacin! Wallahi ban sani ba. Sai da yamma na ga an raka ki mota, ba kya iya magana. Washegari aka ce kin bar aiki. Na haɗa ɗaya da ɗaya. Na tare shi a gida, na shaƙe shi, har na fasa masa baki. Ya yi kuka, ya ce sheɗan ne, ya rantse ya tuba. Hajiya ta shiga tsakani, ta ce in na buɗe baki ba ta yafe mini nononta ba."

"Hajiya ma ta sani."

Ya gyaɗa kai.

Ta yi wani ɗan sauti, ba kuka ba, ba dariya ba. Matar da ke kiranta 'yata. Matar da ta ce duk cikin surukanta ita ta fi kwanta mata.

"Na kasa barci shekara biyu," ya ci gaba. "Sai na neme ki. Na ce zan riƙe ki da mutunci, in share miki hawaye, in gyara abin da gidanmu ya ɓata."

"Ranar da nake gaya maka, ina rawar jiki, ina jiran ka tashi ka tafi. Ka riga ka sani."

"Na sani."

"Ka bar ni ina gode maka. Shekara bakwai ina cewa Allah ya ba ni wanda ya karɓe ni da tabona."

"Ina son ki. Ko da me na fara, wallahi yanzu ina son ki."

"Ashe ni ba mata ba ce a gidanku. Kaffara ce."

"Kar ki ce haka."

"Bar ni da nawa tukuna. Nawa ya tsufa." Ta nuna allon. "Wannan fa? Ka san ko wane ne shi. Duk duniya kai ka fi kowa sani. Ka ga ya kulle ƙofa da 'yar mutane, ka ji ta ce a tsaya. Kai ne mai cewa a yanke. Kalma ɗaya ce. Me ya hana ka?"

Hawaye ya gangaro masa.

"Kowa na dariya," ya ce. "Fitowar na ta yin kyau."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

Daga can bakin matakala hayaniya ta taso. Tafi, shewa, ana kiran suna. Sai ga siririyar muryar hancin nan tana matsowa ta baranda.

"Ina masu gidan? Ku fito ku tari arziki! Ƙanwata, an ce tun safe kike kallona kin kasa aiki don dariya!"

Darakta ya zabura ya tare ƙofar da bayansa.

"Na manta," ya ce da raɗa. "'Yan jarida ne. Shi ya gayyato su su ga tallar. Almakashi, don girman Allah. Ba yau ba. Ba a nan ba. Mu je gida, duk abin da kika ce zan yi."

Aka buga ƙofar da tafin hannu.

"Kai ƙanina, me kuke ƙullawa a ciki da rana tsaka? Ku ji tsoron Allah, akwai baƙi!"

Baranda ta ɗauki dariya.

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta goge fuska da gefen mayafi.

"Matsa."

"Ki tuna da yara."

"Da su nake tunawa. Matsa."

Ya dube ta, ya dubi ƙasa. Ya matsa.

Ta buɗe.

Tsinke ne a gaba, hula a karkace, haƙora a waje, ya ware hannu kamar zai rungumi ɗakin. A bayansa wata 'yar jarida da makirufo, da wani dogo ɗauke da kyamara a kafaɗa. Ma'aikata sun cika barandar.

"Ga ta nan!" in ji Tsinke. "Wannan ita ce mai almakashin. Ku tambaye ta, ita ta san sirrina duka."

'Yar jaridar ta miƙo makirufo tana murmushi.

"Anti, ke da kika riga kowa gani, wane waje ne ya fi ba ki dariya a fim ɗin nan?"

Almakashi ba ta dube ta ba. Idonta na cikin na Tsinke, har murmushinsa ya fara sanyi daga gefe.

Sannan ta juya ga dogon.

"Malam, kyamararka a kunne take?"

"A kunne take, Anti."

"To ko wa ya ce ka kashe, kar ka kashe."